Tarihin Awon Harshen Wuta: Daga Sikelin Lavoisier Zuwa Hasken Leza

Gabatarwa

Tun zamanin da ɗan Adam ya koyi kunna wuta yake cin moriyarta, amma sanin abin da ke faruwa a cikin harshenta bai samu ba sai a ƙarnoni uku na baya-bayan nan. Maƙeri ya daɗe da sanin cewa ƙarfen da ya yi ja wur bai kai wanda ya koma ruwan ɗorawa zafi ba, kuma wanda ya yi fari fat ya fi su duka. Da ido yake auna zafin, ba ya sa hannu. Wannan dabara ta maƙeri, watau a karanci halin wuta daga haskenta ba tare da an taɓa ta ba, ita ce masana kimiyya suka yi ta kyautatawa har aka kai ga na'urorin leza na wannan zamani.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin sawun wannan tafiya, a nuna matsalar da kowane zamani ya tarar da kuma yadda ya warware ta. Batun bai tsaya ga masana kaɗai ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin da duniya ke aiki da shi daga ƙona kwal da man fetur da gas yake fitowa. Saboda haka duk wata dokar hayaƙi da hukuma za ta kafa, da duk wani injin da za a ƙera don ya rage shan mai, a kan awo suke tsayawa.

Zamanin sikeli

A farkon ƙarni na 18 wani likita Bajamushe mai suna Georg Ernst Stahl ya yaɗa ra'ayin cewa duk abin da ke cin wuta yana ɗauke da wani sinadari ɓoyayye, wanda ya kira filojiston, kuma ƙonewa ita ce fitar wannan sinadari. Ra'ayin ya karɓu a Turai shekaru da dama, domin ya dace da abin da ido ke gani: itace mai nauyi ya ƙone, sai ɗan toka ya rage. To, amma akwai inda gizo ke saƙa. Idan aka ƙona ƙarfe a cikin iska, nauyinsa ƙaruwa yake yi. Ta yaya abu zai rasa wani sashe nasa sa'an nan ya ƙara nauyi?

Antoine Lavoisier na Faransa ne ya raba gardama, kuma da sikeli ya raba ta. A shekarar 1772 ya ƙona farar wuta da fosfaras, ya auna, ya tarar nauyinsu ya ƙaru. Bayan Joseph Priestley na Ingila ya keɓe wata iska mai ƙara wa wuta ƙarfi a 1774, sai Lavoisier ya gane cewa ƙonewa haɗuwa ce tsakanin makamashi da wannan iska, wadda ya raɗa wa suna oksijin. Daga nan aka san abin da ke shiga wuta da abin da ke fita daga cikinta. Abin da ke faruwa a tsakani kuwa ya ci gaba da zama a duhu.

Bala'i ne ya matsa wa masana su leƙa wannan tsakani. A watan Mayu na 1812 iskar gas ta fashe a ramin kwal na Felling, a arewacin Ingila, mutum 92 suka hallaka, manya da yara. A 1815 Humphry Davy ya gano cewa harshen wuta ba ya ratsa ragar waya mai ƙananan idanu, domin wayar tana zuƙe zafinsa, ya kuwa ƙera fitilar mahaƙa a kan wannan ka'ida. Haka nan a Faransa, fashe-fashen ramukan kwal ne suka sa Ernest Mallard da Henri Le Chatelier suka auna saurin tafiyar harshen wuta a cikin bututu, suka buga sakamakonsu a 1883.

Wahalar tsoma na'ura cikin wuta

Kafin a fahimci darajar leza, tilas a san irin wahalar da ke cikin awon wuta. Idan gas ɗin metan ya gauraya da iska daidai wa daida, zafin harshensa yakan kai kimanin digiri 1,950 a ma'aunin santigiret. Wurin da ainihin ƙonewar ke aukuwa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. A cikin wannan ɗan siririn wuri, metan ba ya rikiɗa ya zama tururin ruwa da iskar kabon a taki ɗaya. Wani jadawali da masana suka tsara a 1999 domin kwatanta ƙonewar gas ya ƙunshi sinadarai 53 da matakai 325. Da yawa daga cikin sinadaran nan guntaye ne marasa daɗewa, suna bayyana su ɓace cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Nikolai Semenov na Rasha da Cyril Hinshelwood na Ingila ne suka bayyana yadda waɗannan guntaye ke haifar juna kamar sarƙa, aka kuwa ba su kyautar Nobel a 1956.

Kayan awon da ake da su a da duka na tsomawa ne. Akwai bututun da Henri Pitot ya ƙirƙira a 1732 don auna gudun ruwan kogi, aka mai da shi ga awon gudun iska. Akwai kuma wayar aunin zafi, wadda Le Chatelier ya kyautata a 1886 da ƙarfen filatinam. Illolinsu uku ne. Na farko, filatinam yana narkewa a digiri 1,768, watau wutar ta fi ƙarfinsa. Na biyu, wayar da ta yi zafi tana zubar da zafinta ta hanyar haske, saboda haka sai ta nuna adadin da ya gaza na gaskiya, wani lokaci da digiri ɗari ko fiye. Na uku kuwa, kuma shi ne mafi muni, duk abin da aka tsoma cikin wuta yana canza ta: yana tare iska, yana zuƙe zafi, yana kashe guntayen sinadaran da ake nema. Ka'idar da ta sa fitilar Davy ta ceci rayuka ita ce ta sa awo ya gagara. Mai awo ya zama tamkar wanda ya shiga tafki don ya ga ko ruwan a kwance yake.

Launi ya zama shaida

Mafita ta ɓullo daga wani fanni dabam, watau nazarin haske. A 1814 Joseph von Fraunhofer ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, ya ga launukan bakan gizo, amma da ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe a cikinsu. Ba a san ma'anarsu ba sai a 1859, sa'ad da Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka haɗa kai a Jami'ar Heidelberg ta Jamus. Bunsen ya riga ya ƙera wani murhun gas a 1855 mai harshe kusan marar launi. Da suka riƙa barbaɗa sinadarai a cikinsa, sai suka ga kowane sinadari yana fid da launinsa na kansa. Gishiri, alal misali, yana ba da ruwan ɗorawa saboda sodiyam da ke cikinsa. Kirchhoff ya ƙara gano cewa launin da sinadari ke fitarwa in ya yi zafi, shi ne dai launin da yake zuƙewa in haske ya ratsa shi.

Ana iya kwatanta wannan da rediyo. Haske yana tafiya ne a zango-zango, kuma kowane launi da tsawon zangonsa. Kamar yadda kowace tasha take da mitarta, haka kowane sinadari yake da tasa, a kanta yake magana, a kanta kuma yake saurare. Da wannan ilmi Bunsen da Kirchhoff suka gano sababbin sinadarai biyu a 1860 da 1861. A 1903 kuma Charles Féry na Faransa ya mai da shi ma'aunin zafi: a sa fitila bayan harshen da aka barbaɗa wa gishiri, a yi ta ƙara haskenta har layin sodiyam ya saje, a daidai nan zafin fitilar ya yi daidai da na wutar. Dabara ce mai kyau, amma tana da jinkiri, kuma ba ta iya faɗin zafin wani ɗigo guda a cikin harshen. Abin da aka rasa shi ne fitila mai ƙarfi wadda ke magana a kan mita ɗaya tak.

Zuwan leza

Albert Einstein ya nuna a 1917 cewa ƙwayar zarra da ta ƙoshi da ƙarfi, idan haske mai mitarta ya taɓa ta, za ta saki wani hasken irinsa sak, su tafi tare a jere. Fiye da shekara arba'in wannan ka'ida ta yi kafin a samu fitilar da aka gina a kanta. Ranar 16 ga Mayu, 1960, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Kalifoniya, da ɗan sandan jan yaƙutu na haɗi. A watan Disamba na wannan shekara Ali Javan, haifaffen Iran, tare da abokan aikinsa na ɗakin binciken Bell, suka kunna leza mai aiki da gas wadda haskenta ba ya yankewa. A 1962 aka samu ƙaramar leza ta lantarki, a 1966 kuma aka samu ta ruwan rini wadda ake iya murɗa launinta kamar yadda ake murɗa rediyo.

Hasken leza ya bambanta da na sauran fitilu ta fuska uku. Launinsa ɗaya ne tsantsa. Yana tafiya a miƙe ba ya bazuwa, har ana iya tara shi a ɗigon da bai kai kaurin gashi ba. Sa'an nan ana iya sakinsa a walƙiya gajeriya ƙwarai, kashi ɗaya cikin miliyan 100 na sakan, wadda a cikinta ko wuta mai tsananin gudu tamkar a tsaye take. Duk da haka, a farkon shekarun 1960 an yi ta yi wa leza ba'a cewa magani ne da ba a san cutarsa ba.

Awon gudu, da zafi, da sinadari

Gudu aka fara aunawa. Tun 1842 Christian Doppler ya bayyana cewa mitar sauti ko haske tana canzawa idan mai fitar da shi yana tafiya, abin da duk wanda ya saurari usur ɗin jirgin ƙasa yana wucewa ya sani. A 1964 Yeh da Cummins na Jami'ar Columbia ta Amurka suka haska leza cikin ruwa mai gudu a bututu, suka gane saurinsa daga canjin mitar hasken da ƙananan ƙwayoyin cikinsa suka watso. Ba da daɗewa ba aka gwada dabarar a kan iska. Daga baya aka kyautata ta: a gicciya haske biyu, a busa ƙura mai laushi wadda ba ta narkewa cikin wutar, kowace ƙwaya ta ratsa mahaɗar sai ta yi ƙyalƙyali, saurin ƙyalƙyalin kuwa shi ke faɗin saurin iskar.

Awon zafi ya dogara ne a kan binciken wani Ba'indiye. A 1928, a birnin Kalkata, C. V. Raman ya gano cewa idan haske ya bugi ƙwayoyin wani abu, ɗan kaɗan daga hasken da ya watsu yakan canza launi, kuma gwargwadon canjin yana nuna ko wane sinadari ne. An ba shi kyautar Nobel a 1930. Wannan haske rarrauna ne ƙwarai, shi ya sa bai yi amfani a cikin wuta ba sai da leza ta zo. A 1972 Lapp da Goldman da Penney na kamfanin General Electric suka nuna ana iya auna zafin harshen wuta da shi. Amma wuta mai hayaƙi, irin ta cikin inji, haskenta yakan danne shi. Maganin wannan ya fito ne daga wani abu da Maker da Terhune suka gani a ɗakin binciken kamfanin Ford a 1965, watau idan aka haɗa hasken leza masu launi dabam-dabam a ɗigo ɗaya, gas ɗin da ke wurin yakan fid da nasa hasken a miƙe, mai ƙarfi kamar na leza. A 1973 Régnier da Taran, a cibiyar binciken jiragen sama ta Faransa, suka mai da wannan abin awo. Yawanci iskar naitirojin ake tambaya, domin ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar duniya, kuma galibinta tana ratsa wuta ba tare da ta ƙone ba. Ta haka ita kanta iskar ta zama ma'aunin zafi.

Guntayen sinadarai kuwa wata dabara aka yi musu. Ana murɗa leza zuwa mitar guntun da ake nema, ya zuƙi hasken, sa'an nan ya sake shi, a kama da kyamara. Wanda aka fi nema shi ne guntun da ya ƙunshi zarrar oksijin ɗaya da ta haidirojin ɗaya, domin inda ya yi yawa nan ne ƙonewa ke da ƙarfi. A 1982 ƙungiyoyin masana a Jami'ar Stanford da cibiyar SRI a Amurka, da kuma Suwidin, suka baje hasken leza ya zama kamar fallen takarda, suka yanka wuta da shi, suka ɗauki hoton cikinta. Ta haka aka ga cikin harshen wuta mai murɗawa kamar yadda ake ganin cikin kankana in an tsaga ta.

Abin da ya ingiza binciken

Ba sha'awar sani kaɗai ta jawo wannan ci gaba ba. A watan Disamba na 1952 hazon hayaƙin kwal ya rufe Landan kwana biyar, aka ƙiyasta a lokacin cewa mutum 4,000 ne suka mutu, binciken baya kuma ya nuna sun fi haka nesa. A farkon shekarun 1950 ɗin nan Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke addabar Los Angeles daga hayaƙin motoci da hasken rana yake haɗuwa. Tun 1946 Yakov Zeldovich na Tarayyar Sobiyet ya bayyana cewa naitirojin da oksijin na iska suna haɗuwa su zama gas mai cutarwa idan zafi ya haura kimanin digiri 1,500, kuma ƙarin zafi kaɗan yana ninka shi. Ke nan kuskuren digiri ɗari a wajen awo ba ƙaramin kuskure ba ne. Amurka ta tsananta dokar tsabtar iska a 1970, sa'an nan tsadar mai ta 1973 ta biyo baya. Masu ƙera inji suka sami kansu tsakanin buƙatu biyu: a rage hayaƙi, a kuma rage shan mai. A farkon shekarun 1980 gwamnatin Amurka ta buɗe cibiyar binciken ƙonewa ta Sandia a Livermore, aikinta na musamman shi ne awon wuta da leza.

Misali ɗaya ya isa ya nuna amfanin wannan. Injin mota mai juyi 3,000 a minti, kowace silinda tasa tana kama wuta sau 25 a sakan, a cikin ƙarfe rufaffe. A 1961 Fred Bowditch na kamfanin General Motors ya tsara fistan mai taga ta gilashi, don a leƙa daga ƙasa ta madubi. Da irin wannan inji John Dec na Sandia ya yi shekaru yana yanka wutar dizal da fallen leza, ya buga sakamakonsa a 1997. Kafin nan an ɗauka cewa kunkunniya tana samuwa ne a gefen feshin mai, kusa da harshen wutar. Hotunan suka nuna cewa man yana zama tururi da wuri, kunkunniyar kuwa a tsakiyar feshin take cika, inda iska ta yi ƙaranci, siririn harshen da ke kewaye da shi ne yake cinye ta, kuma a nan ne gas ɗin naitirojin mai cutarwa ke samuwa. Wannan ya canza yadda ake tsara feshin mai a injunan dizal. Gani ya kori ji.

Daga ɗakin bincike zuwa bakin aiki

Na'urorin da aka ambata manya ne, masu tsada, sai a ɗakin bincike. Wadda ta fita waje ita ce mafi sauƙin ka'ida: a harba haske ta cikin gas, a auna abin da ya ragu a ɗaya gefen, domin yawan abin da aka zuƙe yana nuna yawan sinadarin. Idan aka gwada mitoci biyu na tururin ruwa aka kwatanta su, sai zafin ma ya fito. A 1977 Ronald Hanson da abokan aikinsa a Stanford suka yi wannan awo a gas ɗin ƙonewa da ƙaramar leza ta lantarki, amma lezar wancan lokaci sai an sanyaya ta ƙwarai kafin ta yi aiki. Sauƙi ya zo ta wata hanya da ba a zata ba. Kamfanonin sadarwa sun ƙera ɗimbin ƙananan leza masu araha domin aika saƙo ta zaren gilashi, sai ya kasance mitocinsu sun faɗa kusa da na tururin ruwa. Daga shekarun 1990 aka shiga girka su a bututun hayaƙin masana'antu, da tukwanen tashoshin lantarki, da injunan jiragen gwaji, suna ba da awo sau dubbai a sakan. A watan Agusta na 2012 wata na'ura irin wannan ta sauka a duniyar Mas cikin motar bincike ta Curiosity, tana neman metan.

Ba a rasa iyaka ba. Wannan awo yana ba da matsakaicin abin da ke kan hanyar hasken ne, ba ya faɗin halin kowane ɗigo. Tagogi suna yin baƙi, girgizar inji tana karkatar da haske, kuma duk awon ya dogara a kan sanin mitocin sinadarai dalla-dalla a kowane zafi, aikin da ke cin shekaru.

Kammalawa

Darasi biyu wannan tarihi ya bari. Na farko shi ne, ilmin da ya warware matsalar wuta ba daga masu nazarin wuta kaɗai ya fito ba. Fraunhofer maƙerin gilashi ne, Raman ruwaye yake haskawa, masu zaren gilashi kuwa saƙo suke son aikawa. Hukumar da ta ce ba za ta ba da kuɗi ba sai ga binciken da amfaninsa ke bayyane a yau, da ta hana Maiman ɗan sandansa na yaƙutu.

Na biyu shi ne, zato ba ya maye gurbin awo. An daɗe ana ɗauka cewa wutar da ake kunnawa a rijiyoyin mai tana cinye kashi 98 cikin 100 na gas ɗin da aka tura mata. A 2022 masu bincike na Jami'ar Michigan, waɗanda suka ratsa hayaƙin irin wannan wuta da jirgin sama a manyan yankunan mai uku na Amurka, suka sanar cewa adadin bai wuce kimanin kashi 91 ba, watau metan da ke tserewa ya ninka abin da aka zata sau da dama. Nijeriya ta kafa dokar hana ƙona irin wannan gas tun 1979, ta sa wa'adin Janairu 1984, amma har yanzu wutar tana ci a yankin Neja Delta. Sanin abin da ke tserewa daga cikinta ba ya samuwa sai da awo, kuma kayan awon da ƙwarewar sarrafa su abubuwa ne da ake koya a jami'a, a kuma saya da kuɗin hukuma.